Idan Injin 'Yar Motar Rimot Ya Cije

 A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar allo da alli, mu leƙa wani abu da ke jawo wa mutane asarar kuɗi ba gaira ba dalili. Muna nufin ƙananan motocin nan da ake tuƙawa daga nesa da rimot, amma fa ba na roba masu batir da ake saya wa yara da salla ba. Akwai wasu masu inji na gaske, da fistin da kafireta da salansa, suna shan mai suna fid da hayaƙi, masu su na kiransu motocin naitiro. Jefi-jefi irinsu kan faɗo cikin kayan gwanjo da ke sauka a Kwatano ko Lome ko Tema, ko kuma wani ɗan'uwa mazaunin Turai ya aiko wa ƙanensa. Sau da yawa in ka ja igiyar tayar da ita sai ka ji gam, ko motsi babu. Daga nan sai mai ita ya ce inji ya buga, ya ɗauko filaya. To, a wannan wurin ne ake yin ɓarnar.

Dalilin da ya sa motocin ke zuwa a cije ba boyayye ba ne. An yi yayinsu sosai a Amurka da Turai da Japan. Kamfanin Traxxas na jihar Texas ya fito da T-Maxx a 1999, HPI ya biyo da Savage a 2002, Kyosho na Japan kuwa tun 1991 yake da Inferno. Daga baya da aka samu batura masu ƙarfi na litiyam da motocin lantarki masu gudu, sai mutane da yawa suka koma can, tunda babu hayaƙi, babu wanke-wanke, babu rigima da maƙwabta saboda ƙara. Aka jefa na naitiro a gareji da guntun mai a cikinsu. Wadda za ta iso hannunka yau tana iya yin shekara 15 ko 20 ba a tayar da ita ba.

Kafin mu taɓa sukundireba ya kamata mu san abin da za mu buɗe, don likita ba ya yanka sai ya san inda ciwo yake. Injin nan ɗan'uwan na ƙaramin janareto ne, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, wato man da ke shafe ƙarafansa yana cikin man da yake sha. Sai dai ƙarami ne ƙwarai. Wanda aka rubuta wa lamba .12 cikinsa cc 2.1 ne, mai lamba .21 kuwa cc 3.5, bai ko cika ƙaramin cokalin shayi ba. Amma wannan ɗan abu yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya, wato sau 500 ke nan a daƙiƙa guda. Fuloginsa, wanda wasunmu ke kira buji, ba ya tartsatsi. Wani siririn zare ne na filatinam a ciki, ana jona masa batir na bolt 1.2 zuwa 1.5 ya yi ja, in inji ya tashi sai a cire batirin, zaren ya ci gaba da ja da kansa saboda haɗuwarsa da tururin metanol. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan fulogi kasuwa a 1947, har yau kuma dabarar ba ta canja ba.

Man da yake sha abu uku ne a gauraye. Mafi yawansa metanol ne, sai naitiro wanda kan kama daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100, sai man shafe ƙarfe. Wannan na ukun shi ne abin lura, domin a yawancin gauraye akwai man zurma a ciki. E, zurmar nan da muka sani, wadda wasu ke kira cika-gida, mai fitowa a bayan gari da bakin juji ba wanda ya shuka ta. Manta yana jure zafi fiye da yawancin mai, shi ya sa jiragen saman yaƙin duniya na ɗaya suka yi amfani da shi, kuma sunan Castrol ma daga sunan zurma a Turance aka samo shi. Aibinsa guda ne: in ya daɗe a zaune yana shan iska sai ya yi kauri ya zama danƙo, daga nan ya bushe kamar fentin katako. Duk uwargidan da ta taɓa barin kaskon suya da mai wata da watanni ta san irin wannan danƙo. Shi ne ke liƙe fistin da silinda, ya liƙe boris, ya liƙe kafireta.

Metanol kuma nasa halin daban. Yana janyo danshi daga iska, ga shi naitiro in ya ƙone yana barin tsami mai cin ƙarfe. In suka kwana a cikin inji, boris biyu da karanshaf, waɗanda su ne baƙin ƙarfe a ciki, sai su yi tsatsa. Ashe ke nan cijewa iri biyu ce babba, ta danƙo da ta tsatsa. Ta danƙo tana warkewa sarai, ba ta barin tabo. Ta tsatsa tana cin kuɗin boris. A namu ganin injin da ajiya kawai ta cije shi yana da rai har sai an tabbatar da akasin haka, kuma abin da ya fi kashe irinsa shi ne ƙarfin hannun mai gyara.

Akwai kuma cijewar ƙarya, ita ya kamata a fara korewa. A kwance fulogi da sifana mai lamba 8, a kife motar, a gwada juya faifan da ke gaban inji, wanda kanikawa ke kira filawil, da yatsa. In mai ya tsiyayo kuma inji ya juya, to dama mai ne ya cika silinda, fistin ya rasa inda zai matsa, don ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In bai juya ba, a kwance akwatin igiyar da ke bayan inji. A cikinsa akwai wani ɗan boris mai kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗaya gefen, shi ma danƙo kan riƙe shi, mutum ya ɗauka inji ne alhali inji lafiya lau. Sai abu na uku, wanda ya fi ruɗa kanikawan babur. Fistin na wannan inji ba shi da ringi. An yi shi da alminiyam, silindar kuwa tagulla ce da aka shafe cikinta da kurom, kuma da gangan aka tsuke ta daga sama. Saboda haka lafiyayyen inji, in yana da sanyi, fistin ya kan ɗan cije in ya kai ƙoli. Wannan cijewar ita ce ƙarfin injin. Idan ya yi zafi sai saman silindar ya buɗe ya daidaita. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauko samfefa ya ce zai sassauta masa, garin neman gira ya rasa ido.

To, a ce an kore waɗannan duka, inji na nan gam. A sauke shi daga jikin motar: a cire tiyon mai, a saki wayar totur, a kwance salansa, a warware notunan da ke ƙarƙashi. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, don notunan ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, in ɗaya ya faɗa ƙasa sai dai a yi haƙuri. A sassauta notin da ya riƙe kafireta a zare ta. Sannan a kwance murfin baya a ciro shi sannu a hankali, kada a ɓanɓare shi da bakin sukundireba, domin in fistin ya tsaya a ƙasa gefensa kan ɗan shiga jikin murfin. Yanzu a haska tocila a duba ciki. Idan abin da aka gani ruwan ƙasa ne mai yauƙi ko mai ƙyalli kamar busasshiyar zuma, alhamdu lillahi, danƙo ne. Idan ja ne mai gari-gari, tsatsa ce. Idan kuwa an ga ɓarɓashin farin ƙarfe ko sandar fistin a karye, to wannan inji da gudu ya mutu, ba ajiya ce ta kama shi ba, jiƙo ba zai yi masa komai ba sai sababbin kaya.

Maganin danƙo abu biyu ne, jiƙo da zafi. A nan mutane da yawa kan yi kuskuren ɗauko kananzir ko fetur, tunda da su aka saba wanke injin babur. Man zurma ba ya narkewa sosai a cikinsu. Abin da ke narkar da shi dangin sifirit ne, shi ya sa ma tun farko aka zaɓe shi ya zauna da metanol, baƙin man mota kuwa ba ya gaurayuwa da metanol. Saboda haka a nemi sabon man naitiro in da hali, in babu a nemi sifirit mai ƙarfi, na kashi 90 ko fiye, ba na kashi 70 da ake goge fata kafin allura ba, don shi saura duk ruwa ne. A sa injin a gwangwani mai murfi, a zuba har ya nutse, a rufe, a bar shi ya kwana. In ana zaton akwai tsatsa, bayan an tsamo shi a ɗiɗɗiga masa WD-40 ko jan man nan na motoci masu canja giya da kansu, ta ramin fulogi da ta baya da ta ramin kafireta. Duk wani abu na roba, da ƙananan zobban da ke jikin kafireta, a ware su gefe kafin jiƙo.

Sai zafi. Mu da muke koyar da kimiyya a aji mun sha nuna wa yara ƙwallon ƙarfe da zobe, yadda ƙwallon ke ƙin wucewa sai an gasa zoben. Darasin nan ne dai. Zafi yana sassauta danƙo, yana kuma buɗe silinda da gidan inji. Injin nan in yana aiki zafinsa kan wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, don haka zafin tafasasshen ruwa ba zai cuce shi ba. Mai diraya ta busar da gashi ya hura masa minti biyar zuwa goma. Wanda ba shi da ita ya sa injin a busasshen gwangwani, ya dora gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, yadda ruwa ba zai taɓa ƙarfen ba. A lokacin bazara ma, kwanon rufi da tsakar rana yana taimakawa. Amma a tabbata sifirit ya tsane ya bushe tukuna, kuma kada a kusantar da shi ga garwashi ko risho ko wutar walda. Wutar metanol da rana kusan ba a ganinta, sai dai mutum ya ji hannunsa na ƙuna.

Da ya yi zafin da ba a iya riƙe shi sai da tsumma, a kama filawil da hannu a riƙa girgiza shi, dama kaɗan, hagu kaɗan. Ba juyawa ake nema ba tukuna, motsi ake nema ko da na kaurin gashi ne. In ya motsa a ƙara mai, a ci gaba da kai-kawo, za a ji tazarar tana ƙaruwa. In bai motsa ba a mayar da shi jiƙo. Wani inji kwana ɗaya ya ishe shi, wani sai an yi mako ana jiƙawa ana gasawa. Garaje ba ƙarfi ba ne. Sandar da ta haɗa fistin da karanshaf alminiyam ce, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, in aka sa filaya a filawil aka murɗa, duk ƙarfin a kanta zai sauka, ko ta lanƙwashe ko bakinta ya buɗe. Wani lokaci ma ba za a gani ba sai ranar da inji ke tsakiyar gudu ta tsinke ta fasa gidan. Haka nan zura ƙusa ta ramin fulogi a buga da guduma, huda kan fistin kawai zai yi. Fizgar igiya da ƙarfi kuwa, igiyar ce za ta tsinke ko ɗan boris ɗin ya lalace. Ba muna raina kanikawanmu ba ne, akwai gwanaye a cikinsu, amma hannun da ya saba da injin tifa sai an tuna masa cewa wannan aikin ya fi kusa da na mai gyaran agogo.

Ranar da inji ya juya, zuciya za ta ce a zuba mai a tayar. Kada a bi ta. Juyawa ba ta nuna cewa boris lafiya suke ba, kuma boris mai tsatsa a gudun 30,000 ba ya daɗewa. In na baya ya tarwatse, gutsattsarinsa ta cikin silinda za su bi, su kassara fistin da silinda a lokaci guda, su ne kuwa mafi tsada a injin. Don haka a ƙarasa buɗewa. A kwance notunan kan inji a gicciye, wannan kaɗan, na daura da shi kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai wasu siraran zobba na ƙarfe kamar takarda, a ƙirga su a adana, don yadda suke haka za su koma. Silinda kan fito in an zura ɗan tsinken itace ko guntun roba ta ramin salansa a saman fistin, sannan aka juya filawil, fistin ya turo ta sama. Ƙarfe kada ya shiga wannan rami. Kafin a zare sandar fistin a lura da gefen da ke kallon gaba, a ɗauki hoto da waya in ana tsoron mantuwa. Silindar ma tana da ɗan tsagi a bakinta da ke zama a kan wani ɗan ƙarfe a gidan inji, hanya ɗaya tak take shiga.

A wanke fistin da silinda da sifirit da tsohon buroshin haƙori, danƙon da ya ƙi fita a kankare shi da farce ko tsinke. Samfefa da wuƙa da toka duk haramun ne a nan, domin tazarar da ke tsakaninsu ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma tare aka auna su a masana'anta, shi ya sa tare ake sayar da su. Karanshaf in tsatsarsa ta sama-sama ce, a goge da lallausan soson ƙarfe da mai. Boris kuwa a sa yatsa a juya shi kusa da kunne. In an ji yana gurzawa kamar da yashi a ciki, ko yana tsalle-tsalle, ya gama aiki. Cire shi ma zafi ne: a gasa gidan inji har wajen digiri 120, a buga bayansa a kan katako, na baya zai faɗo, na gaba a turo shi da sanda ta ciki. A auna faɗin rami da faɗin waje da kauri a milimita kafin a tafi nema. A injuna da dama masu lamba .21 na gaba shi ne boris mai lamba 607, wato 7 da 19 da 6, wanda masu sayar da kayan lantarki kan ajiye. Na baya ne mai wuyar samu, don yawanci awonsa na musamman ne, sai an aika waje.

Bayan an haɗa, a shafa mai a gwada. Ba fulogi, fistin ya kamata ya ɗan cije a ƙoli. Da fulogi kuwa a ji ya yi tauri sannan ya wuce da 'yar ƙara, fat. In ya wuce sumul ba turjiya, fistin da silinda sun cinye tun kafin a ajiye motar, inji zai yi wuyar tashi, in ya tashi ma da ya yi zafi zai mutu.

Kafireta aikinta kaɗan ne. Kafin a zare allurorinta a murɗa kowace ciki a hankali har ta tsaya, ana ƙirga juyi, a rubuta, don a mayar da ita inda take. A jiƙa, a hura, a sauya zobban roba in sun bushe. Tiyon mai a sa sabo. Soson da ke tace iska kuwa, bayan shekaru ya kan ruɓe ya zama gari, kuma tayar da wannan inji ba matacin iska a ƙurar hunturu daidai yake da zuba masa yashi da cokali. Wajen mayar da inji kan mota a sa tsinken takardar littafin rubutu tsakanin haƙoran giya biyu, a matse, a ɗaure notuna, a zare takardar, tazarar da ta bari ita ce daidai. A duba gidan batir na motar da na rimot, tsofaffin batura kan zubar da ruwa su ci wayoyi. A tabbata totur na komawa da kansa kuma birki na kamawa kafin a tayar, a kuma ɗora motar a kan bulo ƙafafu a sama. Mota mai kilo 4 da ta ƙwace da gudu tana iya raunata ƙafar yaro.

Saura magana mafi nauyi, wato mai. Wannan inji ba ya shan fetur ko kaɗan, fuloginsa da metanol yake aiki. Man naitiro kuwa kaya ne mai kama wuta, ba a yarda fasinja ya shiga jirgin sama da shi ba, don haka ba abin da za a ce ɗan'uwa ya saƙo a jaka ba ne. Shawararmu ga duk wanda ya ga irin motar nan a kasuwa, ya fara binciken inda zai samu mai kafin ya yi ciniki, in ba haka ba ya sayi kayan ado. Tsohon man da aka tarar a tanki ko a galan ɗin da ya daɗe a buɗe, ya riga ya sha ruwa, ba shi da amfani. Kuma iyaye su ji wannan da kyau: metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa yana makantarwa, fiye da haka yana kisa, ga shi kamfanoni kan rina man da launi mai kyau kamar lemon kwalba. Kada a zuba shi a robar ruwa ko ta lemo, kada a zuƙe shi da baki ta tiyo yadda ake yi wa fetur, a kulle shi inda yara ba sa kaiwa.

In Allah ya sa inji ya tashi, a bar shi ya sha mai da ɗan yawa a tankin farko, hayaƙi na fita sosai, ba tare da an matsa masa ba. Kullum aka gama wasa a juye sauran man tanki, a sake tayar da inji har ya shanye na cikinsa ya mutu da kansa. Sannan a cire fulogi a ɗiga man keken ɗinki ko jan man giya ɗigo huɗu ko biyar, a ɗiga ta kafireta ma, a ja igiya sau da yawa don ya zagaya. A juya filawil har fistin ya sauka ƙasa, inda silinda ta fi faɗi, a bar shi a nan, a toshe bakin salansa da tsumma. In ajiyar za ta kai damina, a riƙa ɗauko motar wata-wata ana juya filawil da yatsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.